Hanyar Saƙo a Jikin Ɗan Adam: Lacca a Kan Ƙwaƙwalwa da Laka da Jijiyoyi

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ƙagi ɗan Adam, ya daidaita gaɓoɓinsa, ya hore masa ji da gani da hankali. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Mas'alar da aka ɗora mini in yi bahasi a kanta yau ita ce ta ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyin da suka fito daga cikinsu, wato jijiyoyin ji da motsi, ban da na jini. Tun da fari ina so in kafa muku magana guda, wadda duk abin da zai biyo baya sharhinta ne: babu wani abu da mutum zai gani, ko ya saurara, ko ya tuna, ko ya ɗaga yatsa ya aikata, face sai wani saƙo ya tashi daga wata ƙwayar halitta ya isa ga wata, kuma duk inda saƙon nan ya yanke, to, gaɓar da ke gaba da wurin ta tashi daga aiki, ko da kuwa namanta da ƙashinta da jininta suna nan lafiya lau. Wanda ya fahimci hanyar wannan saƙo zai gane asalin cututtuka da dama waɗanda muka daɗe muna jingina su ga abin da ba shi ne sanadinsu ba. Al'amarin ruhi dai ba shi ne maudu'inmu ba. Kayan aikin da Mahalicci ya sanya a jiki su muke dubawa.

Tsarin ginin a taƙaice

Ƙwaƙwalwar baligi, wadda nauyinta bai wuce kilo 1.4 ba, wato kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa, ita kaɗai ke cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci, ko mutum yana farke ko yana barci. Daga gindinta laka ta sauko ta cikin ramin ƙashin baya, tsawonta wajen santimita 45, kaurinta kamar na ƙaramin yatsa. Daga ƙwaƙwalwa jijiyoyi 12 suka fita ta dama, 12 ta hagu, zuwa idanu da kunnuwa da hanci da harshe da fuska da kayan ciki. Daga laka kuma 31 ta kowane ɓangare, suka yi ta rarrabuwa har suka game fata da tsoka duka.

Aikinsu iri uku ne. Akwai masu kai labari ciki, su ne na ji. Akwai masu fito da umarni zuwa ga tsoka, su ne na motsi. Akwai kuma na uku, waɗanda ba su jiran iznin mai jiki, su ne ke kula da bugun zuciya da narkar da abinci da fitar gumi. Kuma su kansu kashi biyu ne, kashi ɗaya na ranar firgita, mai sa zuciya ta yi ta dukan uku-uku, yawu ya ƙafe, kashi ɗaya kuma na lokacin natsuwa, mai mayar da kome mazauninsa.

Abin da magabata suka gano

Aristo, duk da zurfinsa a falsafa, ya tafi a kan cewa zuciya ce mazaunin tunani, ƙwaƙwalwa kuwa aikinta sanyaya jini. Wanda ya kawo hujja ta gani da ido shi ne Jalinusu, babban likitan Yunanawa da ya zauna a birnin Rum a ƙarni na 2 na Miladiyya, wanda ya ɗaure wata siririyar jijiya a wuyan dabba tana tsakar kuka a gaban jama'a, nan take muryarta ta ɗauke alhali tana numfashi. An kuma kawo masa wani malamin balaga da ya rasa ji a wasu yatsunsa, bayan an daɗe ana shafa wa yatsun magani ba fa'ida. Da ya bincika ya ji mutumin ya taɓa faɗowa daga keken doki ya bugu a bayansa ta sama, sai ya bar yatsun ya mayar da magani can inda jijiyar ta fito. Ku riƙe wannan ƙissa, domin ita ce tushen duk ilmin da muke magana a kai: inda ake jin ciwo daban, inda ciwon yake daban.

Littattafan Jalinusu sun shiga Larabci a Bagadaza ta hannun Hunainu ɗan Ishaƙa da almajiransa, daga nan hukama'un Musulmi irin su Abubakar ar-Razi da Ibnu Sina, mai littafin al-Ƙanun, suka tsara ilmin, suka ƙara masa abin da suka gani a wurin majinyata. Sai dai dukkansu sun ɗauka jijiya kafa gare ta a ciki, wata iska mai laushi ke bi ta nan ta kai umarni ga gaɓoɓi.

Abin mamaki, amsar tana cikin ruwa tun tuni. Duk masuncin da ya taɓa kama minjirya a gulbin Kwara ko a tafkin Chadi ya san girgizar da take yi wa hannu har kafaɗa, kuma Abdullaɗifi al-Bagdadi ya siffanta irin wannan kifi na kogin Nilu a littafinsa kan ƙasar Masar, tun wajen shekara ta 1200. Lantarki ne kifin nan ke saki, har ƙarfinsa kan kai bolt 350. Amma sai a 1791 Luigi Galvani, wani malamin likitanci a Bolonya ta ƙasar Italiya, ya wallafa gwajin da ya yi da ƙafar kwaɗo, inda ya nuna cewa jijiya da tsoka da lantarki suke aiki. A 1850 kuma Helmholtz, Bajamushe, ya auna gudun saƙon a jijiyar kwaɗo, ya tarar wajen mita 30 ne a daƙiƙa. Da haka ta tabbata cewa abin da ake zaton kamar ƙiftawar ido yake faruwa, tafiya ce mai ɗaukar lokaci, wadda ake iya aunawa.

Ƙwayar jijiya

Idan aka sa ɗan yankin ƙwaƙwalwa a ƙarƙashin madubin likita, ba a ganin kome sai cunkoso, har sai da Camillo Golgi na Italiya ya gano, a 1873, wani rini na ruwan azurfa wanda ke baƙanta ƙwayoyi 'yan kaɗan ya bar sauran, sai kowace ta fito fili tun daga kanta har jelarta. Da wannan rini Santiago Ramon y Cajal, mutumin Sifen, ya shafe shekaru yana dubawa yana zanawa da hannunsa, har ya yanke hukuncin cewa kowace ƙwaya zaman kanta take yi, tana kusantar 'yar'uwarta amma ba ta narke a cikinta ba. Golgi bai yarda ba. Shi a wurinsa duka a sarƙe suke, abu guda. An ba su lambar yabo ta Nobel tare a 1906 suna kan saɓaninsu, kuma sai bayan shekara hamsin, da aka sami madubi mai aiki da lantarki, ido ya tabbatar da cewa gaskiya tana wajen Cajal.

Irin waɗannan ƙwayoyi kimanin biliyan 86 ne a ƙwaƙwalwar mutum guda, kuma ko da siffofinsu sun bambanta, kusan kowace tana da sassa uku: uwar jiki, inda rayuwar ƙwayar take, da gajerun rassa masu yawa, waɗanda ke karɓar saƙo, da dogon zare guda ɗaya tak, wanda ke fitar da shi. Wani zaren bai kai milimita ba, wani kuwa, kamar wanda ya tashi daga ƙarshen laka ya sauka har babban yatsan ƙafa, yakan kai mita guda, alhali ƙwaya ɗaya ce. Abin da muke kira jijiya, wanda mahauci ke gani fari-fari a jikin nama, dami ne na dubban irin waɗannan zarurruka.

Yadda saƙo ke bin zare

A nan nake roƙon ku ƙara ba ni hankalinku, domin nan ne zuciyar mas'alar. Kowane zare yana lulluɓe da tantani mai matuƙar sirantaka, ruwa a cikinsa, ruwa a wajensa, dukansu masu gishiri, sai dai gishirin ba iri ɗaya ba ne: na waje sodiyam ya yi masa yawa, wato irin wanda ke cikin gishirin miya, na ciki kuwa fotasiyam. Wannan rabo bai zo da kansa ba. A jikin tantanin akwai wasu ƙananan famfuna, waɗanda Jens Skou na ƙasar Denmak ya gano a 1957, masu aiki dare da rana, suna fitar da sodiyam uku su shigo da fotasiyam biyu, kuma babban kaso na abincin da ƙwaƙwalwa ke ci a kan wannan aiki yake ƙarewa. Sakamakon haka, ko zare yana hutawa akwai bambancin caji tsakanin cikinsa da wajensa, wanda bai wuce ɗaya bisa ashirin na ƙarfin batirin tocila ba.

To, idan wani abu ya taɓa ƙwayar, taɓawar kuma ta kai wani haddi ƙayyadadde, sai wasu ƙofofi da ke jikin tantanin su buɗe, sodiyam ya kwararo ciki, cajin wurin ya juye. Kafin ka ce kwabo sun rufe, wasu ƙofofin daban sun buɗe, fotasiyam ya fita, wurin ya koma yadda yake, duk a cikin kashi ɗaya ko biyu bisa dubu na daƙiƙa. Amma juyewar da ta auku a nan ita ke buɗe ƙofofin da ke gaba, na gaba su buɗe na gabansu, haka haka har ƙarshen zare, ba tare da saƙon ya rage ƙarfi ba. Hodgkin da Huxley, malamai biyu na Ingila, su suka warware wannan a tashar binciken teku ta Plymouth, suka wallafa a 1952, da taimakon wata halittar teku mai hannuwa goma wadda Larabawa ke kira habbar, saboda tana da wani zaren jijiya mai kaurin da za a iya zura masa waya.

Wata ƙa'ida kuma, wadda Edgar Adrian ya tabbatar, ita ce saƙon ba shi da babba ba shi da ƙarami: ko dai ya tashi cikakke, ko kuwa bai tashi ba sam. Mai tambaya zai ce, to, ta yaya nake bambanta shafa da mari? Amsa ita ce da yawan saƙonnin: shafa ta aika kaɗan jefi-jefi, mari ya aika ɗaruruwa a jere, ta zarurruka masu yawa. Allurar da likitan haƙori ke yi kafin ya cire haƙori kuwa ba ta yin kome illa toshe ƙofofin sodiyam na ɗan lokaci. Haƙori na fita, labari bai isa ba.

Yawancin dogayen zarurruka an naɗe su da kube na kitse, gaɓa-gaɓa, da ɗan fili tsakanin kowace gaɓa, sai saƙo ya riƙa tsallake daga fili zuwa fili, har gudunsa ya kai mita 120 a daƙiƙa. Marasa kube kuwa da ƙyar suke yin mita ɗaya ko biyu. Kowa a zauren nan ya taɓa ɗanɗana wannan bambanci. Mutum ya fito da asuba zai tafi masallaci, ya yi tuntuɓe da dutse: da farko zai ji wani zafi mai kaifi, tsit, ya ɗaga ƙafa; sai bayan kamar daƙiƙa guda, yana riƙe da yatsan, raɗaɗi mai nauyi ya taso ya mamaye shi. Rauni ɗaya ne, labari biyu: na farko ya biyo zare mai kube, na biyu ya biyo marar kube.

Mahaɗa

Tun da ƙwayoyin ba a manne suke ba, tilas saƙo ya iso inda zare ya ƙare, da rata a gabansa, wadda faɗinta kashi 20 ne zuwa 40 cikin miliyan na milimita ɗaya. Ƙanƙanuwa ƙwarai, amma lantarkin ba ya tsallake ta. Misalinsa kamar manzo ne mai doki da ya iso bakin gulbi: dokinsa ba ya ƙetarewa, sai ya miƙa takarda ga mai fito, a can ƙetare kuma wani mahayin ya karɓa ya zarce. Mai fiton nan sinadari ne, wanda bakin zare ke fesawa cikin ratar, ya je ya zauna a wasu gurabe da aka yi daidai da shi a jikin ƙwaya ta gaba.

Wanda ya kafa hujjar haka shi ne Otto Loewi, a birnin Graz na ƙasar Ostiriya, a 1921. Ya ɗauki zukatan kwaɗi biyu suna bugawa cikin ruwan gishiri, ya motsa jijiyar ta farko har bugunta ya ragu, sa'an nan ya ɗebi ruwan da ke cikinta ya zuba wa ta biyu, wadda ba a taɓa jijiyarta ba, sai ga shi ita ma ta rage bugu. Ashe wani abu jijiyar ta zubar a cikin ruwan; daga baya aka san shi da suna asitilkolin.

Irin waɗannan sinadarai suna da yawa, wasu masu zuga ƙwaya ta gaba, wasu masu kwaɓarta. Kuma da yake ƙwaya ɗaya tana iya karɓa daga dubban 'yan'uwanta a lokaci guda, sai ta haɗa zuga da kwaɓa ta ga wanda ya rinjaya, kafin ta aika ko ta yi shiru. Daɗin daɗawa, mahaɗar da aka yawaita bi takan ƙara ƙarfi, wadda aka yi watsi da ita ta raunana. Wannan shi ne asasin koyo a jiki, shi ya sa almajirin da ya lizimci tilawa haddarsa ke zama, wanda ya bar muraja'a kuwa ta zube masa.

A mahaɗa ne kuma yawancin abubuwan da ke taɓa hankali suke aikinsu. Goro yana kore barci ne saboda sinadarin da ke cikinsa yana tare gurbin wani sinadari mai sanar da ƙwaƙwalwa gajiya. Tiramol da kodin suna shiga gurabun da jiki ya tanada don rage zafi. Idan aka dawwama a kansu sai mahaɗa ta sauya ta saba da su, har ya zamana in babu su mutum ba ya iya zama, abin da ya fara da neman ƙarfin aiki ya ƙare da bauta. Da yawa daga magungunan feshi na gona kuma suna hana a share asitilkolin bayan ya gama aikinsa, sai ya taru, mutum ya yi ta dalalar da yawu, tsoka na rawa, numfashi na sarƙewa.

Ba kowane saƙo ne ke jiran hukuncin ƙwaƙwalwa ba. Uwargida ta kai hannu ga murfin tukunya ba ta san ya yi zafi ba: labari ya shiga laka, a nan take laka ta juya shi ga jijiyar motsi, hannu ya janye, sa'an nan ƙwaƙwalwa ta sami rahoto, baki ya ce wash. Da sai an jira shawara, da fata ta soye.

Inda cuta ke tare hanya

Yanzu mu koma ga ƙissar Jalinusu, mu auna cututtukan da muka sani da ita. Shan inna ƙwayar cuta ce da ke shiga ta baki, wadda a cikin kimanin yaro ɗaya daga 200 da ta kama takan kai ga laka ta hallaka ƙwayoyin da ke ba tsoka umarni. Ƙafa tana ji, amma ba ta motsi, sai ta shanye don rashin aiki. Rigakafi ne ya kai ga shelar da aka yi a watan Agusta na 2020 cewa nahiyar Afirka ta rabu da ainihin nau'in wannan cuta. Kuturta kuwa, wadda Hansen na ƙasar Nowe ya gano ƙwayarta a 1873, jijiyoyin fata da hannu da ƙafa take kamawa ta kashe ji. Mai ita ya ƙone bai sani ba, ya taka ƙaya bai sani ba, rauni ya ruɓe, a haka yatsu ke gutsurewa. Tana warkewa da magani na wata 6 zuwa 12, wanda ake bayarwa kyauta, kuma wanda ya zo da wuri, tun tana ɗan tabo marar ji a fata, yakan tsira da yatsunsa.

Shanyewar ɓarin jiki tana faruwa ne idan hanyar jini ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, galibi saboda hawan jini da aka yi sakaci da shi. Da yake zarurruka suna gicciyewa a gindin ƙwaƙwalwa, ɓarnar hagu a dama take bayyana, kuma sau da yawa ta tafi da magana, domin Paul Broca ya nuna a Faransa, tun daga 1861, cewa wurin sarrafa furuci yana gaban ƙwaƙwalwa ta hagu. Farfaɗiya kuma ƙwayoyi ne masu yawa ke sakin saƙo a lokaci guda ba bisa tsari ba, abin da na'ura ke iya nunawa a rubuce. Ar-Razi da Ibnu Sina duk a babin cututtukan ƙwaƙwalwa suka sanya ta. Ba a ɗaukarta ta yawu, ba a ɗaukarta ta taɓawa. Haka nan ba mu manta da musibar Zamfara ta 2010 ba, inda gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400, ta bar wasu da naƙasar ƙwaƙwalwa.

Abin da ya sa wannan babi ya zama mai nauyi shi ne, fata in ta yanke takan haɗe, ƙashi in ya karye a ɗora shi, jijiyar hannu ma in an ɗinke ta takan sake tsiro kimanin milimita ɗaya a yini. Amma ƙwayoyin laka da na ƙwaƙwalwa, in sun mutu, galibinsu ba su da madadi, kuma mintoci kaɗan na yankewar jini sun isa su fara mutuwa. Saboda haka kiyayewa a nan ta fi magani nesa ba kusa ba, kuma malaman Usulu sun lissafa kiyaye rai da kiyaye hankali cikin manufofin Shari'a guda biyar.

Don haka nake kira gare ku, iyaye, ku kai yara rigakafi, na shan inna da na sanƙarau. Dattawa, ku riƙa auna jininku, wanda aka ɗora a kan magani kada ya bari don ya ji sauƙi. In kuka ga bakin mutum ya karkace, ko hannunsa ya saki, ko maganarsa ta harɗe farat ɗaya, ku garzaya da shi asibiti a sa'ar nan, addu'a a yi ta a kan hanya. Samari masu babura, ku sa hular kwano. In kuma kun tarar da wanda ya yi haɗari, kada ku cicciɓe shi kamar buhu, ku daidaita kansa da wuyansa da bayansa a kan abu mai ƙarfi, domin sau da yawa ɗaukar ce ke ƙarasa yanke lakar da haɗarin ya bari. Mai farfaɗiya in ya faɗi, ku janye shi daga wuta da ruwa, ku kwantar da shi a gefensa, kada ku cusa masa cokali a baki, kada ku guje shi. In ya farfaɗo ku nema masa magani, don mafi yawansu da magani suke zaman lafiya. Ku kuma ɗalibai, ku shiga wannan fanni da himma, domin ƙasarmu tana da ƙarancin likitocinsa ƙwarai.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kiyaye mana hankulanmu da gaɓoɓinmu, ya amfanar da mu da abin da muka ji.